Ranar da Baffa Ɗanladi Ya Gasa Ango da Turanci

Duk wanda ya taɓa kai takarda a yi masa fotokofi a unguwar Tunga, cikin Minna, ya san Baffa Ɗanladi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai gilashi a ƙarshen hanci, wanda sai ya karance takardarka tsaf kafin ya ɗora ta kan inji, sannan ya nuna maka inda mai rubutun ya yi shirme. Ƙanin mahaifina ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ni Kubura ba ni da yadda zan yi da shi. Karatunsa na boko a tsakiyar sakandare ya tsaya, amma leƙen takardun mutane ya sa yana ganin tsakaninsa da farfesa mota ce kawai bambanci.

Ciwon ya tashi ne bara, da ya samo wani malami a waya mai koyar da manyan ƙa'idojin Turanci. Daga ranar Baffa ya daina cin abinci da mutane. Yana ci yana kallon waya, yana maimaita abin da ake faɗa, miya na ɗiga a gemunsa. Abin da ya fi tafiya da hankalinsa shi ne wani darasi da ya raɗa wa suna jimla mai rassa.

"Ke Kubura, zo ki ƙaru," ya ce da ni wata safiya a tsakar gidanmu na Barkin Sale. "Gajeriyar jimla ta talaka ce. Zo. Tafi. Ba ni. Haka ake yi wa jaki magana. Babban mutum idan zai nemi abu, ba ya farawa da abin. Sai ya taso daga nesa, ya fitar da reshe, reshen ya haifi wani reshe, ya ajiye notuwistandin a nan, ya dasa nebadales a can, sannan a can ƙarshe, da hankalin kowa ya tattaru, ya sako buƙatarsa."

"In kuma mutane suka watse kafin ya kai ƙarshen fa, Baffa?"

"Jahilai ne suka watse. Kuma ki riƙe wannan: jimla kamar alwala take. In aka katse ta, ta karye, sai an sake daga farko."

Daga nan zan riƙa juya muku Turancin nasa zuwa Hausa, don in na bar shi yadda yake fitowa, Baturen ma sai ya nemi tafinta.

Wanda ya fara ɗanɗanawa wani mai keke Napep ne. Mun hau daga shataletalen Mobil, ni zan je ɗinki, Baffa zai sauka shagonsa. Da muka doshi Tunga, maimakon ya ce a tsaya kamar kowane ɗan Adam, sai ya gyara gilashi ya taɓa kafaɗar direba.

"Ya kai matuƙi, wanda, ko da yake ban san sunanka ba, duk da cewa tuƙinka, in aka kwatanta da na takwarorinka, waɗanda akasarinsu..."

"Oga, ka sauka ne ko ba ka sauka?"

"Ka katse ni. Ya kai matuƙi, wanda, ko da yake..."

Ina kallon shagonsa ya wuce. Ina kallon wurin ɗinkina ya wuce. Sai da muka hango gadar Chanchaga sannan Baffa ya iso wurin da jimlar ta ce a tsaya. Direban ya juyo ya dube ni da tausayi ya ce, "Sista, babanka ne? Allah ya ba shi lafiya." A ƙafa muka fara dawowa, yana gaya mini wai laifin direban ne da ba ya sauraro.

Ta biyu maƙwabciyarmu ce, Maman Gift, da ta shanya garin rogo a kan buhu a ƙofar gida ta shiga ciki. Baffa na zaune a benci ya ga akuya ta sa baki. Mutum mai hankali tsawa zai daka. Baffa ya miƙe, ya je bakin ƙofarta, ya yi gyaran murya, ya fara sanar da ita cewa wata dabba, wadda, ko da yake mai ita bai bayyana ba, kuma ba tare da an yi wa sauran dabbobi kuɗin goro ba, a halin yanzu, bisa ga abin da ido ya gani... Maman Gift ta fito da zani a ƙirji ta tarar da akuya na lashe buhu.

"Danladi! Akuya yana cinye garina, kai ka tsaya kana yi mini girama! Bakinka ba ya san kai! kai! ba?"

"Madam, da kin bari na kai ƙarshe, da kin ji cewa akuyar nake nufi."

Ta bi shi da muciya har bakin masallaci.

A gida kuwa na samu abin yi. Da an taru a kicin sai in ɗora murfin kwalba a hanci, in turo ciki, in tambayi Inna gishiri da muryar Baffa, ina rassa ina ƙari har tuwo ya kusa kamawa. Rannan ina tsaka da yi, Inna na dariya har da hawaye, sai ga shi a bakin ƙofa. Na ce yau na shiga uku. Ya tsaya ya gama saurare, ya jinjina kai.

"Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. In na buɗe makarantata, ke ce ɗaliba ta farko."

Ashe shirin ke nan. Zai buɗe makarantar dogon Turanci a saman shagonsa, ya koyar da ma'aikata da 'yan siyasa. Abin da ya rage masa taro ne babba da mai ɗaukar bidiyo, inda duniya za ta ji shi. Sai Allah ya kawo auren Yaya Sharif.

Yaya Sharif yayana ne, mai gyaran firij, mutum mai sanyi da ba ya iya musu ko da yaro. Ya daɗe yana son Rukayat, 'yar Alhaji Zakariyya mai sayar da kayan gini. Yarbawa ne, amma tun zamanin da aka shimfiɗa titin jirgi kakansu ya sauka Minna, Hausarsu ta fi tawa daɗi. Alhaji ya yarda, matarsa ta yarda. Matsalar ɗaya ce: a gidansu ba uba ke ba da 'ya ba, babban wansa ne, wani tsoho da ake kira Baba Ibadan. Shi kuwa a Ibadan ya tashi, ba ya jin Hausa ko ta sannu, kuma tun farko bai so abin ba. Ya ce 'yan Arewa ba su san girmama surukai ba, gara a ba wa ɗan gida.

Rukayat da kanta ta zo ta yi mana bayani. A al'adarsu, ranar neman aure ango da abokansa za su kwanta rub da ciki a gaban manya, ƙirji a ƙasa. Suna kwance wakilinsu zai roƙi a ba su yarinya, kuma ba mai ɗagowa sai babban gida ya ce a tashi.

"Baba Ibadan ya rantse," in ji ta, "in Sharif ya ɗaga ƙirjinsa kafin ya ba shi izini, jakarsa zai ɗauka ya nufi tasha, kuma in ya tafi magana ta mutu. Don Allah ku ɗauki alaga, macen da ta san aikin. Ita za ta yi roƙon a gurguje a tashi."

Babanmu ya ɗan yi jim a kan kwanciyar, sai da liman ya ce masa ai ba goshi ake kaiwa ƙasa ba, gaisuwa ce ba sujada ba. Amma zancen ɗaukar alaga, tun kafin a rufe baki Baffa ya miƙe.

"A ɗauko wata mace daga waje ta yi magana da yawun gidanmu, ina raye? Tsohon nan ya raina mu ne don yana zaton ba mu da ilimi. Ku bar ni da shi. Jimla ɗaya tak zan yi masa. In na dire ta, da kansa zai tambaya ko muna son ƙanwar ma."

Da aka ji jimla ɗaya, sai Babanmu ya saki jiki. Ni kaɗai da na taka daga Chanchaga na san abin da ake nufi da jimla ɗaya. Na ce, "Baffa, ka tuna fa mutane na kwance."

"To kwanciya ba hutu ba ce? Ni da zan tsaya ban yi kuka ba."

Yaya Sharif ya bi shi har shago yana roƙo. "Baffa, don girman Allah, ka ce mun zo neman Rukayat, a taimaka a ba mu. Shi ke nan."

"Ka ji maganar mai gyaran firij. Je ka guge shaddarka."

Ranar ta faɗo a tsakiyar watan Maris, lokacin da rana a Minna take dafa ƙwai a aljihu. Gidan su Rukayat na kusa da tashar jirgin ƙasa, tsakar gidan duk siminti. An kafa rumfuna, mata sun sha ɗauri kamar za su tashi sama, ga mai kalangu, ga mai bidiyo. Baba Ibadan na zaune a tsakiya, ɗan siriri, da sanda a hannu, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci. Mai gudanar da taron a ɓangarensu alaga ce, Iya Khairat, mace mai faɗin gaske da mafici a hannu, wadda take juya Yarbanci da Hausa da Turanci kamar tana juya waina.

An shimfiɗa darduma a cikin inuwa, daidai gaban tsohon, don ango da abokansa. Baffa ya iso cikin babbar riga ruwan ƙwai, ya dubi mai bidiyo, ya dubi darduma, ya haye tsakiyarta ya tsaya. Ya ce nan ne hoto zai fi fitar da shi. Ya yi wa samarin nuni da hannu su matsa baya. Bayan kuwa ba komai sai siminti tsirara da rana ta kwana biyu tana hura wa wuta.

Iya Khairat ta rera waƙa, ta ba da umarni. Yaya Sharif ya kwanta. A damansa Moses, abokinsa makanike mai tumbi. A hagunsa Ndaceko, ɗan Bida, siriri kamar tsinken tsire. Daga inda nake zaune na ji Moses ya ce "Yesu!" a hankali lokacin da cikinsa ya taɓa ƙasa.

Baffa ya karɓi makirfo, ya busa, ya ƙwanƙwasa, ya fara.

"Kasancewar mu, waɗanda, ko da yake ba a gari ɗaya aka binne cibiyar kakanninmu ba, duk da cewa jirgin ƙasa, wanda Turawa, waɗanda su ma, in aka duba da idon basira, baƙi ne, suka shimfiɗa wa hanya, ya haɗa Kudu da Arewa, lamarin da, ba tare da an manta da gudummawar kogin Kwara ba, wanda shi kansa..."

Ya tsaya jan numfashi. Mai kalangu ya zaci an gama, ya saki kiɗa. Mata suka ɗauki guɗa, aka ce amin.

Baffa ya ɗaga hannu. "Ban gama ba. An katse ni." Ya koma kan kasancewar mu.

A zagaye na biyu ya wuce kogin Kwara lafiya, ya shiga noman doya a Gwada, wanda ya ce, ko da yake ba shi ne maƙasudin zuwanmu ba, yana da alaƙa da haƙuri, wanda shi kuma ginshiƙi ne. Ndaceko ya fara motsi. Cinnaku sun gano shi. Yana kwance yana karkaɗa ƙafa ɗaya kamar ƙadangare, yana cije leɓe.

"Sharif," Moses ya ce ƙasa-ƙasa, amma duk layin gaba sun ji, "gefen nan ya nuna. Ka ce a juya ni."

"Ka yi haƙuri, ya kusa."

"Ya kusa ina? Ko sunan yarinyar bai ambata ba!"

Baba Ibadan ya dubi agogonsa. Ya yafito Iya Khairat ya yi mata magana a kunne. Ta miƙe ta ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Baba yana tambaya, wai aure kuka zo nema ko jirgin ƙasa kuka zo saye?"

Aka kwashe da dariya. Baffa ya yi murmushin wanda ya saba da jahilai. "Madam, amsar tana cikin jimlar. Amma tunda kin katse ni..."

"Kar ka soma!" Inna ta yi ihu daga cikin mata.

Ya soma.

Babanmu ya tashi ya je ya ja masa hannun riga. Baffa ya zame ya koma ɗaya gefen dardumar, bakinsa bai tsaya ba. Inna ta aika a kashe janareta. Makirfo ya mutu, fankoki suka tsaya. Baffa ya ajiye makirfon a hankali, ya ce wannan ma katsewa ce, ya buɗe maƙogwaro ya sake ɗaukowa daga tushe da muryar mai tallan maganin basir.

Moses ne ya fara karaya. Bai miƙe ba, don kar a ce ya yi rashin kunya. Da baya da baya ya riƙa jan ciki har ya shige ƙarƙashin kujerun mata, sai ganinsa aka yi a bayan rumfa ya rungume kular ƙanƙara. Ndaceko ya daure kaɗan, sannan cinnaka ya same shi a inda ba a faɗa, ya yi wani tsalle ya yi waje yana zuba Nufanci. Aka bar Yaya Sharif shi kaɗai a tsakiyar rana, farar shaddarsa ta jiƙe ta manne.

Dariya ta fara ɗaukewa. Ta tagar ɗaki na hango Rukayat cikin kwalliya, ta dafe kai da hannu biyu. Baba Ibadan ya daina kallon Baffa gaba ɗaya. Ya jingina haɓarsa a kan sanda ya zuba wa ƙirjin Yaya Sharif ido, yana jira. Ya ma sa an fito masa da jakarsa an ajiye kusa da ƙafarsa.

Baffa kuwa ya iso wani wuri da rassan suka yi masa yawa. Ya buɗe wanda, ya buɗe wadda, ya buɗe ko da yake har ba ya tuna wanne zai fara rufewa. Ya tsaya yana ƙirga da yatsu, yana motsa baki. Ya dubi mai bidiyo, ya dubi sama.

"Saboda amanar ilimi," ya ce, "zan koma farko."

Na ga kafaɗun Yaya Sharif sun fara ɗagowa. Ba da gangan ba, jiki ne ya gaji da biyayya. Inna ta rufe fuska da mayafi. Tsohon ya miƙa hannu wajen jakarsa.

Iya Khairat ta buga maficinta a tafin hannu, tas! "Tsaya, Alhaji wakili. Laifina ne. A gidan nan, mai roƙon 'ya daga ƙasa yake roƙo. Na ɗaga maka ne don na zaci maganar gajeriya ce. Tunda mai nauyi ce, sauko da ita."

"Madam, ni wakili ne, ba ango ba."

"Wakili ai ya fi ango. Ga wurin mai tumbin nan, ya ɗumama maka."

"Ilimi ba ya kwanciya a..."

"Ɗanladi." Babanmu ne, da wata murya da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba. "Kwanta."

Baffa ya sauka daga darduma yana tattare babbar riga, yana gaya wa mai bidiyo ya ɗauke shi daga kafaɗa zuwa sama. Ya durƙusa. Ya dafa simintin, ya janye hannu da sauri, ya dubi Babanmu, ya ga ba sauƙi. Rigar tasa shara-shara ce, kuma don gayu bai sa singileti ba. Ya kwanta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar da ya yi ba, ko da yake na iya ta, kuma ina yin ta duk ranar da aka roƙe ni. Gilashin ya faɗi. Ƙafafunsa suka ɗaga sama. Sai ga jimlar nan da ta ƙi ƙarewa tun hantsi ta fito gaba ɗayanta a numfashi guda:

"Baba, filis, gib os Rukayat!"

Gidan ya kece. Mai kalangu ya saki kiɗa, wannan karon ba wanda ya hana shi. Baba Ibadan ya miƙe a hankali, ya tako har cikin rana, ya sunkuya ya kama kafaɗar Yaya Sharif ya ɗaga shi da hannunsa. Ya yi magana da Yarbanci, Iya Khairat ta fassara tana share hawaye: "Ya ce tashi, ɗana. Ya ce ya aurar da 'ya'ya da yawa, bai taɓa ganin surukin da aka gasa aka kuma babbake bai ɗago ba. Rukayat taka ce."

Yaya Sharif ya miƙe da zanen siminti a kumatu, yana layi, yana murmushi kamar wawa. Aka zaunar da shi a inuwa, mata suka rufe shi da fifita.

Baffa ya ga an tashi, ya dafa ƙasa zai miƙe. Sai ya ji kan sanda a tsakiyar bayansa.

Tsohon ya koma cikin inuwa, ya sa an tayar da janareta, ya karɓi makirfo. A karo na farko tun safe na ga haƙoransa. Iya Khairat ta saurari abin da ya ce, ta juyo tana rawa da kafaɗa.

"Jama'a, Baba ya ce wancan iznin na ango ne. Wakili kuwa da Turanci ya yi roƙo, da Turanci za a ba shi amsa, kuma mai roƙo ba ya tashi sai ya ji amsarsa. Baba hedimasta ne har ya yi ritaya. Ya ce tun da ya bar aiki, da ya buɗe baki 'ya'yansa suke tuna suna da wurin zuwa. Yau Allah ya haɗa shi da mai son doguwar magana."

Baba Ibadan ya gyara hula, ya kurɓi ruwa mai sanyi, ya yi gyaran murya, ya ce, "Wayaras..." Wato dai kasancewar nan da Baffa ya fara da ita.

Aka fara raba abinci. Amala da miyar ewedu, shinkafa dafa-duka, naman kaza har da na ƙari. Moses ya dawo daga bayan rumfa ya ci kwano biyu. Aka fito da amarya, aka yi hotuna, aka yi addu'a a gefe ɗaya. Duk wannan tsohon na tsaye yana zuba Turanci a kan Baffa, cikin natsuwa, yana ɗaga yatsa, ko tuntuɓe ba ya yi. Baffa na kwance yana ɗaga gefen ciki ɗaya ya sauke ɗaya, yana amsa "yes sa, yes sa" a wuraren da ba a tambaye shi komai ba.

Wata daga cikin masu rabon abinci ta zo da kwano a rufe ta tsaya gaban Iya Khairat. "Iya, na wakilin ango fa? In kai kicin in ajiye masa?"

Iya Khairat ta leƙa ta dubi Baffa, ta dubi tsohon da ko gumi bai fara ba, ta ci gaba da fifita.

"Wane kicin? Ajiye masa nan gefensa a kan simintin. Ba zai huce ba."